Aikin jirgin sama a makarantar koyon sana'a: ta ina za a fara?

Tambaya: Wani malami da ke koyar da walda da aikin gwangwani a wata makarantar koyon sana'a a Bauchi ya ce ɗalibansa sun matsa masa sai sun ƙera jirgin sama kafin bikin yaye su. Wasu jirgi mara matuƙi suke so, wasu kuma helikwafta da injin babur. Kuɗi kaɗan ne, lokaci kuma zango ɗaya. Me za su yi wanda zai tashi da gaske, su kuma koyi abin da zai amfane su?

Amsa:

Malam, fara cire maganar helikwafta, amma kada ka hana su da tsawa. Ba su alli su hana kansu a jikin allo. Ƙaramin helikwafta mai kujera biyu, Robinson R22, cikakken nauyinsa kilo 622 ne, injinsa kuma yana ba da ƙarfin doki 124 a tafiyar yau da kullum. Ke nan kowane doki ɗaya kusan kilo 5 yake ɗagawa. Injin babur irin na 'yan acaɓa bai wuce doki 8 zuwa 10 ba, wato kilo 40 zuwa 50. Matuƙin kaɗai ya fi haka, ba a zo maganar firam da tanki da injin kansa ba. Abin ba zai tashi ba, amma farfelarsa za ta juya, kuma farfelar da aka yi wa walda a shago in ta ɓalle a tsakiyar taro ba ta tambayar wanda ta samu.

Abin da ya kamata ku ƙera shi ne ƙaramin jirgi mara inji, wanda ake sakewa da hannu ya yi shawagi. Ɗalibai za su raina shi, ka bar su. Duk abin da injiniyan jirgi ke fama da shi yana cikinsa: nauyi, ɗagawa, turjiyar iska, daidaito da ƙarfin jiki. Sharaɗi ɗaya ne: ba a yanka komai sai an rubuta lissafinsa a takarda, bayan ya tashi kuma a dawo a gwada abin da aka rubuta da abin da ya faru. In ba a yi haka ba, motar langa-langa kawai aka yi mai fuka-fuki.

Lissafin da ake buƙata guda ɗaya ne. Ƙarfin ɗagawa shi ne rabin kaurin iska, sau gudu, sau gudu kuma, sau filin fiffike, sau wata lamba da ta dogara da siffar fiffiken da yadda ya karkata. Ga fiffiken da aka yanka da hannu, ɗauki 0.9 a matsayin iyakar wannan lambar. Kaurin iska da ke cikin littafi shi ne kilo 1.225 a kowace mita kubik, amma wannan na bakin teku ne a sanyin digiri 15. Bauchi tana kan tudu na kusan mita 600, kuma da rana a watan Afrilu zafi kan kai digiri 38. A wannan hali kaurin iskar ya sauko wajen 1.05. Da shi za ku yi aiki, domin jirgin da aka lissafa da lambar littafi zai buƙaci ƙarin gudu na kusan kashi 8 cikin 100 a filinku. Da asubar hunturu iskar kan ƙara kauri zuwa wajen 1.14, shi ya sa jirgi ɗaya kan yi kyau da safe ya yi nauyin jiki da azahar.

Ga awon da za ku bi. Tsawon fiffike daga baki zuwa baki santimita 120, faɗinsa 20, filinsa murabba'in mita 0.24. In jirgin ya kai giram 300, mafi ƙarancin gudun da zai riƙe shi a iska mita 5 ne a daƙiƙa, gudun da yaro zai iya yi da ƙafa. In an sa masa inji da batir ya zama giram 600, sai mita 7.2 a daƙiƙa, wato kilomita 26 a awa. Sa ɗalibai su lissafa na kilo 1.2 da kansu. Za su samu mita 10.2, kuma da yake nauyi ya ninka, gudu ma ya ƙaru, ƙarfin faɗuwarsa ya ninka sau huɗu a kan na giram 600. A nan masu walda ke shan wahala, domin hannunsu ya saba da cewa in ana son abu ya yi ƙarfi a ƙara masa ƙarfe. Ajiye sikelin kicin mai nuna giram a tsakiyar aji, kowane ɓangare a auna shi a rubuta kafin a manna.

Fiffiken da farin soso mai sauƙi za a yi shi, irin wanda ake naɗe firji da talabijin da shi, ko faranti-farantinsa da masu kayan silin ke sayarwa. Siffarsa: ƙasa a shimfiɗe, sama a kumbure, kauri mafi yawa santimita 2.4 a daidai santimita 6 daga gaba, bakin gaba a mulmule, na baya ya sirance. Wannan ita ce kusan siffar da ake kira Clark Y. Wuƙa ba ta fitar da ita daidai, sai waya mai zafi. A samo wayar nikirom ta cikin tsohon hita mai kaurin rabin milimita, tsawon santimita 70, a ɗaure ta a firam na katako mai kama da baka, a jona da batirin mota mai bolt 12. Za ta ja kusan amfiya 3, wanda ya isa. A sa sifirin a gefe ɗaya, domin waya in ta yi zafi tana ƙara tsawo ta yi sako-sako. A yanka siffar fiffiken a filawud guda biyu, a yi musu lamba 1 zuwa 10 a wuri ɗaya, a kafa su a gefe da gefen soson. Rabi-rabi ake yanka fiffiken, kowane rabi santimita 60. Ɗalibai biyu su ja wayar, ɗaya yana kiran lamba don su tafi tare. In wayar ta yi zafi da yawa za ta cinye soso, fiffike ya fito siriri. In aka yi sauri tsakiyarta za ta ja baya, sai ka ga bakin gaba ya lotsa a tsakiya. A yi yankan a waje, hayaƙin ba na shaƙa ba ne.

Gam kuma a kula. Sufa gulu da gam ɗin takalmi da fentin feshi da fetur duk narkar da wannan soson suke yi. Farin gam na kafinta yana yi, sai dai ya kwana kafin ya kama. Wuraren da ke ɗaukar nauyi a sa gam mai haɗi biyu irin Araldite, ɗan kaɗan, don yana da nauyi. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana da sauri, amma in jirgin ya wuni a cikin mota a rufe a ranar Bauchi, wutsiya za ta karkace. Daga ƙarshe a lulluɓe fiffiken da faffaɗan salatif na ɗaure kwali, layi-layi daga baya zuwa gaba.

Soso kaɗai ba ya ɗaukar nauyi, sai an sa masa ƙashi. A tsaga farin katako mara kulli mai zare a miƙe, milimita 5 a kan 15, a binne shi a tsaye a inda fiffiken ya fi kauri. A tsaye, ba a kwance ba, kamar yadda kafinta ke kafa tu-bai-fo a rufi: wannan katakon a tsaye ya fi shi a kwance taurin lanƙwasuwa sau 9. Rabi biyun fiffiken a haɗa su da ɗan filawud mai milimita 3 da aka yanka da 'yar kusurwa, yadda kowane baki zai ɗaga sama da santimita 5, wato kusan digiri 5. Wannan ɗagawar ce ke dawo da jirgi daidai in iska ta karkata shi. Kafin a ɗora fiffiken a jirgi a gwada shi: a kifar da shi, a tallafe tsakiya, a jera ƙullin yashi 12 masu giram 150 kowanne, shida a kowane gefe. Kilo 1.8 ke nan, ninki uku na jirgin mai inji. In zai karye gara ya karye a kan benci, inda kowa zai ga ta ina ya fara. Kusan kullum daga mahaɗar tsakiya ne, kuma gefen da ake matsewa ne ke fara tattarewa kafin gefen da ake ja ya tsinke.

Gangar jiki santimita 90, bakin gaban fiffike yana santimita 25 daga hanci. Wutsiyar kwance santimita 36 a kan 14, ta tsaye 16 a kan 15. A cusa ɗan katako mai milimita 7 ƙarƙashin bakin gaban fiffike, ya ba shi karkatar digiri 2 a kan wutsiya. Fiffiken da roba za a ɗaure shi, irin ta ɗaure kuɗi ko tsagin tsohon tib, ba da gam ba, don in ya bugi ƙasa ya zame maimakon ya karye.

Sai cibiyar nauyi, wadda ta fi kashe jiragen ɗalibai fiye da komai. Ta kasance tsakanin santimita 5 zuwa 6.5 daga bakin gaban fiffike, wato rubu'i zuwa sulusin faɗinsa. A yi alama da maka a ƙasan fiffiken, a ɗaga jirgin a kan yatsu biyu. Ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya. Sabon jirgi kusan kullum baya ke rinjaya, sai a manna noti da wosha a hanci har ya daidaita. Jirgin da gaba ya yi wa nauyi zai tashi ba daɗi. Wanda baya ya yi wa nauyi ba ya jin magana ko kaɗan, ko da ƙwararre ne ke riƙe da shi.

Gwaji da sassafe ake yi, daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe tara, kafin ƙasa ta yi zafi iska ta fara kaɗawa. A fuskanci iska, a sake shi daga tsayin mita 2, hanci ya ɗan kalli ƙasa. Turawa ake yi, ba jifa ba. A auna nisan da ya yi da tef. In ya yi mita 14, an raba da 2 an samu 7, kuma wannan lambar ita ce ninkin ɗagawa a kan turjiya, an auna ta ba tare da wata na'ura ba. Tsakanin 6 da 8 ya yi kyau ga irin wannan jirgi. In yana ɗaga hanci ya tsaya, ya faɗo, ya sake ɗagawa, to cibiyar nauyi ta yi baya ko karkatar fiffike ta yi yawa. In yana nitsewa kai tsaye, akasin haka ne. In kullum gefe ɗaya yake bi, a tsaya a gabansa a rufe ido ɗaya a duba ko fiffike ya murɗe, sannan a ɗaga shi ta hanci da wutsiya a ga ko wani gefe ya fi nauyi. In yana kaɗa ƙugu hagu da dama, wutsiyar tsaye ta yi ƙanƙanta. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta shi a littafi. Yara suna son su gyara abu uku a lokaci guda, in ya yi kyau kuma ba wanda ya san wanne ne ya yi magani.

Wani abu da za ka tarar a wasu littattafai, kada ka koyar da shi: wai iskar da ta bi ta saman fiffike dole ta yi sauri don ta haɗu da 'yar uwarta ta ƙasa a baya. Babu dokar da ta ce sai sun haɗu, kuma ta saman takan riga isa. Abin da ke faruwa shi ne fiffike yana karkatar da iska zuwa ƙasa, matsin iska a samansa ya ragu, na ƙasansa ya ƙaru. Shi ya sa shimfiɗaɗɗen faranti ma yana ɗagawa in an karkata shi.

Don su gani da ido, masu aikin gwangwani da masu lantarki su haɗa akwatin gwajin iska. 'Yan uwan nan biyu, Wright, da irinsa suka gwada siffofin fiffike kusan 200 a 1901, kafin jirginsu ya tashi a Amurka ranar 17 ga Disamba 1903. Wurin gwajin ya zama santimita 20 a kan 20, da gilashi a gefe. Bakin shiga ya fi shi faɗi sau biyu ta kowane gefe, ya tsuke a hankali. Fankar lagireton mota a sa ta a ƙarshe tana zuƙo iska, kada ta hura, domin iskar da fanka ta huro a murɗe take. A bakin shiga a cika da tsinken shan lemo da aka yanka santimita 5-5, su miƙar da iskar. Ɗan fiffike mai santimita 15 a kan 8 a kafa shi a kan sanda da ta ratsa ƙasan akwatin ta zauna a kan sikeli mai ɗauke da wani nauyi. In iskar ta kai mita 10 a daƙiƙa, sikelin zai ragu da kusan giram 50. A auna a digiri 0, 4, 8, 12 da 16, a zana a takarda. Layin zai yi ta hawa, sannan wajen digiri 12 zuwa 15 ya faɗo. A kunna turaren tsinke a bakin akwatin, za su ga hayaƙin ya daina bin bayan fiffike ya tarwatse. Wannan shi ne abin da ya samu jirgin ɗaliban lokacin da ya ɗaga hanci ya faɗo. Gudun iskar kuma da siririyar robar ƙarin ruwa sabuwa ake aunawa, a lanƙwasa ta a zuba ruwa mai launi. A mita 10 a daƙiƙa bambancin ruwan milimita 5 ne kawai, don haka a kwantar da robar a gangare na 1 cikin 10, ya zama santimita 5 da za a iya karantawa.

Tunda kai malamin gwangwani ne, ka ware mako biyu don ribit, wato ƙusar da ake daka wa kai don haɗa faranti biyu na ƙarfe, domin shi ne aikin hannun da ya fi kusa da na masu gyaran jirgi. Yawancin jikin jirgin fasinja da ribit ake haɗa shi, saboda alminiyon 2024 da ake amfani da shi ba ya son walda, tsagewa yake yi ƙarfinsa ya ragu. Ragowar kwanon rufi na alminiyo ya isa koyo. Ƙa'idar: kaurin ribit ya ninka kaurin faranti sau uku. Ga faranti biyu masu milimita 1, ribit mai milimita 3.2, rami 3.3, tsawon ribit kusan 7, yadda abin da ya leƙo zai zama ninki ɗaya da rabi na kaurinsa. Daga tsakiyar rami zuwa bakin faranti kada ya gaza 6.4, tsakanin ribit da ribit 15 zuwa 20. In an buga shi a kan dunƙulen ƙarfe, kan da ya fito ya zama faɗin 4.8 da tsayin 1.6, a auna da baniya, ma'aunin kaurin nan mai baki da ke zamewa. A kankare bakin kowane rami, kuma kada a ja layi a jikin alminiyo da tsinin ƙarfe, maka ake amfani da ita, domin daga irin wannan ƙarzon tsagewa ke farawa. A 1988 wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya rasa babban ɓangaren rufinsa a sama, bincike kuma ya gano ƙananan tsagogi ne a layin ramukan ribit suka haɗe. Ribit na bindiga da ake yi wa tagogi da shi ba ya cikin wannan darasi.

In lokaci da kuɗi sun rage, sai a sa inji a jirgin da ya riga ya iya shawagi. Ɗan injin lantarki mai lamba 2212 da 1000KV, na'urar daidaita gudunsa ta amfiya 30 da 'yan kasuwa ke kira ESC, batirin LiPo mai gida uku na bolt 11.1 da 2200mAh, farfela 10 a kan 4.5, sarbo biyu masu giram 9 (ƙananan injinan da ke motsa harsunan wutsiya), da rimot da abin karɓarsa. Jimlarsu, ban da rimot da ke hannu, kusan giram 300. A cire notin hanci, batir ya maye gurbinsu, a sake duba cibiyar nauyi. Injin ya ɗan kalli ƙasa da dama da digiri 2. Rubutun jikin farfela gaba yake kallo, in an juya ta za ta yi ƙara ba ƙarfi. In injin na juyawa baibai, a musanya biyu daga wayoyinsa uku. Duk saitin da za a yi a benci a cire farfela tukuna. Harshen wutsiya, wato ɓangaren bayan wutsiyar kwance da sarbo ke motsawa, kada motsinsa ya wuce santimita 1 sama da ƙasa, kuma kafin kowane tashi a tabbatar in an ja sandar rimot baya, harshen sama yake yi. Batir kuma kowane gida bolt 4.2 ne cikarsa, kada ya sauka ƙasa da 3.3, a ajiye shi a 3.8, a yi cajinsa da cajarsa ta musamman a kan siminti, da bokitin yashi a kusa da mutum a tsaye. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Batiran tsohuwar kwamfutar cinya ba sa iya ba da amfiya 12 da injin ke nema lokacin tashi.

Da zarar an sa inji da rimot, maganar ta shiga hannun hukuma. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta ce ba a tashi da jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A arewa maso gabas ba a wasa da wannan. Shugaban makaranta ya rubuta takarda tun farkon zango, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa, a nisanci filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa da barikin Shadawanka da sansanin sojan sama da gidan gwamnati. Kada a wuce tsayin mita 120, kada jirgi ya ɓace wa ido, kada ya bi ta kan mutane. Ranar bikin yaye ɗalibai, mara injin za a nuna.

Ka gaya wa ɗaliban gaskiya cewa wannan aikin ba ya ba kowa damar taɓa jirgin gaske. Mai son wannan sai ya nemi Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya ko Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, sannan lasisin NCAA. Yawancinsu kuwa a nan gida za su ci moriyar lissafin. Guguwar farkon damina mai gudun mita 30 a daƙiƙa tana da ƙarfin kusan kilo 48 a kowane murabba'in mita, kuma a gefen rufi da kusurwoyinsa zuƙa take yi sama, shi ya sa daga nan kwano ke fara yayewa, kuma a nan ya kamata a ƙara ƙusa da ɗauri. Haka firam ɗin sola, da fankar injin sheƙar hatsi.

Wajen ba da maki, kada ka ɗora shi a kan wanda jirginsa ya fi kyau ko ya fi nisa. Raba su rukuni na mutum huɗu, ka ba littafin awo da gwaji rabin makin, tsaftar aiki da daidaiton awo rubu'i, tashi rubu'i. Rukunin da ya rubuta giram 300 jirginsa ya fito 420, ya kuma nuna ɓangaren da ya ci sauran 120 ɗin, ya fi wanda nasa ya yi mita 16 amma ba ya iya faɗin inda cibiyar nauyinsa take. A yi allon kayan aiki mai zanen kowane sifana da filaya, a ƙirga su kafin a tashi daga aji, domin haka ake yi a rumfar gyaran jiragen sama, inda ba a sallamar jirgi matuƙar akwai sifana ɗaya da ba a gani ba.